Gadalin Inna da Ruwan Jego

Abin da na fi tsoro a gidana ni na dasa shi da hannuna. Gadali ne. Wanda bai san shi ba, in ya tono shi sai ya ce albasa ce ta yi ƙiba, shi ya sa wasu ke ce masa albasar kwaɗi. Ganyensa dogo ne mai faɗi. Ba ya son rana, ba ya son ƙasa ta bushe. Ki ba shi inuwa da laima ki ƙyale shi, shekara da shekaru yana nan, yana 'ya'ya a gindinsa. In ruwan farko ya sauka sai ya turo kara guda, ya buɗe fure fari mai jan zane, da la'asar ƙamshi ya cika tsakar gida.

A rugarmu ta wajen Miga Innata tana da shi a gindin tsamiya, inda ake wanke ƙorai. Kowace Juma'a takan zuba masa nono kafin kowa ya sha. Ba a taɓa shi da ƙarfe. Ranar da za a kai ni gidan miji ta tono ƙarami guda da yatsunta, ta naɗe a tsumma, ta cusa cikin kayana. Da Fillanci ta yi maganar, ga ta da Hausa:

"Nawa daga uwata na karɓa. Ki ba shi inuwa, ki ba shi nono. Muddin yana da rai gidanki ba ya yankewa. Ran da ya mutu a hannunki kuwa, ki dubi abin da kika fara haifa."

Ta ce na ƙanwarta ya bushe a shekarar yunwa, babban ɗanta bai kai lokacin girbi ba. Yanzu na san a shekarar nan an binne yara da yawa waɗanda iyayensu ba su taɓa ganin gadali ba. Amma ina yarinya aka faɗa mini, maganar kuwa da ta riga hankali shiga kai ba ta fita don an yi karatu.

Malam, maigidana, Bahaushe ne mutumin Kiyawa. Da aka ba mu jiha ya samu aikin masinja, muka dawo Dutse, wani ɗan gida a gindin duwatsu. Ƙasar nan yashi ce da tsakuwa, ki zuba ruwa ki juya baya ta shanye. Wuri ɗaya ne mai laima a gidan: makwarara, tsakanin katanga da darbejiya, inda ruwan wanka da na alwala da na wanke-wanke ke bi kafin ya fita waje. Nan na dasa shi, dab da bakin ruwan. Wurin ya karɓe shi, ganye ya yi kore shar har cikin rani. Shanu babu, sai in sayi nono wurin 'yan uwana masu talla in zuba masa ran Juma'a.

Yayar Malam, wadda nake ce wa Yaya, duk zuwan da za ta yi daga Kiyawa sai ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Har yanzu kina kiwon aljanin naki?"

"Ya fi wasu baƙin sauƙi, Yaya. Shi ba ya ce miya ba gishiri."

"Fulani da tsafi. Ki tumɓuke abin nan ki shuka yakuwa a ci."

Wata rana cikin irin wannan tsiyar na gaya mata abin da Inna ta ce. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe ran 'yar ƙaninta a cikin albasa aka ajiye.

Na haura arba'in kafin in riƙe fensir. Ajin yaƙi da jahilci na fara shiga, daga nan Islamiyyar matan aure. Ana cikin haka shari'a ta zo. Lasifika ta cika gari da wa'azi, 'yan Hisba suka hana wasan bori, mai sayar da layu na bakin kasuwa ya tattara ya ɓace. Wata rana Malama tana karatu a kan shirka, na ɗaga hannu na ce, tsiro fa, in mutum yana zuba masa nono? Aji ya yi tsit, don duk sun san gidana. Malama ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi:

"Ki ba shi ruwa, kina da lada. Nonon Juma'a kuwa, Baba, wa kike bai wa?"

Na sauke hannuna. Daga ranar na daina. Ni kuma ba na yin abu rabi da rabi. Matan da ke laɓaɓowa su roƙi ɓallin gadali don mallakar miji ko farin jinin kasuwa, na shiga korarsu da baki. Na ce da wata, in albasa ce za ta riƙe miki miji, ki je kasuwa ki sayi ta miya, ko ba komai zai ci ya ƙoshi. Damina biyu ta wuce ba nono, gadali ya yi furensa, ba abin da ya samu kowa. Na ɗauka na rabu da maganar.

Sai babbar 'yata ta zo goyon ciki.

Ita ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu. Ita kanta Adda take ce mini, kamar yayarta, don a hannun Inna ta yi wayo. A Kiyawa take aure, da cikin ya tsufa aka kawo ta gida ta haihu kamar yadda aka saba. Cikin bazara ne, zafi kamar a toya ƙwai a kan dutse. Ta sauka lafiya, namiji. Yaya ta taho da ƙullin kayanta don wankan jego, tunda ita ce gwaggo, ni kuwa ko ɗakin ba na daɗewa a ciki.

Yaya ta iya aikinta, ban hana ta wannan ba. Mijin yarinyar ya aiko da itace kaya-kaya. Safe da yamma babbar tukunya tana kan murhu har sai ruwa ya yi tsalle. Ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mata a baya, a ciki, a cinya, tururi ya turnuƙe wurin wanka. In an fito ga kunun kanwa cike da kwano, kanwar har tana ɗaci, ga garwashi a ƙarƙashin gado don kada sanyi ya shige ta. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Yaya, haka aka yi wa kowa. Ni ina can da baƙi da tuwon suna, ban ko waiwayi bayan darbejiya ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki, da safe, na je zubar da ruwan alwala. Ganyen gadali na gani kwance a ƙasa, rawaya, ya yi laushi kamar ramar da aka dafa. Butar ta suɓuce daga hannuna. Ina tsaye a nan na ji tari daga ɗakin mai jego, busasshen tari, ɗaya bayan ɗaya.

Na wuce ta ƙofar kamar mai neman tsintsiya, na saci kallo ta cikin asabari. Tana zaune ta jingina da bango. Ƙafafunta sun kumbura, yatsun kamar za su fashe.

Na samu Yaya a murhu na ce, "Yaya, ƙafar yarinyar nan fa?"

"Wace yarinya?" Ta san wadda nake nufi, tsokana ce. "Ƙibar jego ce. Kunu ya karɓe ta. Ke kina ramammiya kamar sandar kiwo, ina za ki san ƙiba?"

Na juya na bar ta. Uwar 'yar fari ba ta ja.

Kullum abin gaba yake yi. Ta daina kwanciya, a zaune take barci, wai in ta kwanta numfashi yana tsaya mata a wuya. Daga ɗaki zuwa wurin wanka sai ta huta a hanya. Kullum kuma wani ganyen yana faɗuwa. Da asuba kafin in yi salla sai ƙafata ta kai ni makwarara, in duba shi, sannan in kasa kunne ɗakinta. Abinci ya daina wuce mini. Ni da ke koya wa matan unguwa tauhidi da tsawa, ga ni ina lissafin nonon da na hana tsiro. Ban iya gaya wa Malam ba. Ban iya gaya wa Malama ba, me zan ce mata? A sujada ina roƙon Allah Ya raba ni da waswasi, in ɗago kai in ji muryar Inna sarai, har da yadda take jan numfashi kafin ta ce "ki dubi".

Juma'a ta zo, mai tallan nono ta yi sallama a zaure. Na fita na tsaya ina kallon ƙwaryar a kanta. In na zuba yarinyar ta warke, na zama baiwar tsiro har in mutu, kuma na san wa na saɓa wa. In ban zuba ba ta mutu fa? Mai nono ta fara sauke ƙwarya. Na daka mata tsawa na ce wa ya kira ta. Baiwar Allah ta ɗauki kayanta tana waiwaye. Na koma ciki, na zauna a kan turmi.

Da yammar ranar ina tsaye a makwarara ba takalmi, ina kallon ganyen da ya rage, Yaya tana yi wa mai jego wanka a bayan zana. Sai ruwa ya kwararo ya hau mini ƙafa. Na yi tsalle gefe. Ruwan ya ƙona ni, bayan ya sauka daga jikin mutum, ya bi ƙasa, ya iso nan. Na bi shi da ido yana tururi, ya tafi kai tsaye ya taru a gindin gadali. Safe da yamma tun ranar haihuwa. Ruwan sanyi ya saba sha, mu kuwa dafa shi muke yi.

Zana ta buɗe, Yaya ta fito riƙe da ita. Leɓenta ya yi toka-toka, bakinta a buɗe tana haki kamar wadda ta hau dutse da tulu. Ban san komai game da zuciya ko huhu ba a lokacin. Abin da na sani, ruwan da ya dafa albasa a cikin ƙasa shi ake fyaɗa wa wannan jikin.

Na kira sunanta. Da ƙarfi, a tsakar gida. Tunda na haife ta bai taɓa fita daga bakina ba. Ita kanta ta waiga tana neman mai kiran.

"Sa hijabinki, asibiti za mu."

Yaya ta saki baki. "Yau na ga abin da ya ishe ni. 'Yar fari? Ina kunyar Fulanin?"

"Kunya ba za ta shayar da jinjirin nan ba, Yaya."

"Mai jego ba ta fita kafin arba'in. Iska ta buge ta ki ce wa? Ni na yi wa mata jego tun kina bin maraƙa."

"Na sani. Sauke tukunyar."

"In na ƙi fa?"

Na je na sa ƙafa na ture itacen daga murhu, na ɗebi ruwan randa na kashe wutar. Malam ya shigo daga masallaci ya tarar da hayaƙi da mata biyu suna huci. Ya dubi yayarsa, ya dube ni, ya dubi 'yarsa da ke dafe da bango. Ya fita ya samo motar a-kori-kura ta maƙwabcinmu.

A asibiti likita ya danna babban yatsansa a ƙaurinta, ya ɗauke, ramin ya zauna bai ciko ba. Ya daɗe yana sauraron bayanta. Ya tambayi kanwa, ya tambayi wanka, ya tambayi garwashi, duk na ce e. Ya ce zuciyarta ta gaji, ruwa ya taru a ƙirji, a daina duka ukun daga yau. Na ce za ta tashi? Ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, sauran na Allah ne. Na tsani wannan amsar, ko da yake gaskiya ce.

Aka ba ta gado. Allura, ƙwayoyi, fitsari ba iyaka. Ni ke riƙe da jinjiri, in miƙa mata ya sha in karɓe. Kunya ta riga ta zube, ni ke goge mata baki, ni ke kai tasa. Matar gadon da ke kusa da namu, ita ma mai jego ce da irin wannan kumburin, da hantsi aka ja mata mayafi har kai, uwarta ta fita da jariri a hannu. Na juya wa 'yata fuska wajen bango don kada ta gani. Ta riga ta gani.

Yaya ta zauna a gida tana dafa mana abinci, ba ta yi mini magana sai ta bakin Malam. Da Juma'a ta zagayo yarinyar ta kwana da haki sosai, sai da rana ta samu barci. Na bar jinjiri wurin wata mai jinya na taho gida ɗaukar abinci. Maza duk suna masallaci, huɗuba tana tashi ta lasifika, titi ba kowa.

Na shiga ban ga Yaya a murhu ba. A bayan darbejiya na same ta, a tsugune. Ta yi wa makwarara 'yar kunya da taɓo, ta karkatar da hanyar ruwan. Gindin gadali fari fat, ga ƙwarya a gefenta, tururuwa har sun fara taruwa.

"Yaya, me kike yi?"

Ba ta ɗago ba. "Nono ne ya lalace, na zubar."

"Duk faɗin gidan nan sai a nan?"

"Ke Bafillatana, ki rufa mini baki." Ta share hanci da bayan hannu, taɓo ya shafe mata fuska. "Hannun nan ne ya yi mata wankan. In ta tafi, ni na dafa ta. Uwarki ta ce nono, to ga nono."

"Ki yi istigfari, Yaya."

"Tun kafin in zuba nake yi."

Ban yi mata wa'azi ba. Na tsuguna kusa da ita. Ganye ko ɗaya bai rage a tsaye ba, ina so in san abin da ke ƙasa. Ga fartanya jingine da katanga, hannuna zai kai gare ta, ban ɗauka ba. Da yatsu na tona. Na kama uwar, wadda Inna ta naɗe mini a tsumma, na ja. Ta rabe a hannuna kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ruwa mai wari ya bi mini yatsu.

Ya mutu, kuma a hannuna.

Yaya ta ce innalillahi a hankali. Ni kunnuwana suka toshe, huɗubar ma na daina jin ta. Na ci gaba da tono kamar mahaukaciya. Can jikin katanga, inda ruwan bai cika kaiwa ba, na ci karo da ƙanana biyu, masu tauri, saiwarsu fara. Na riƙe su ina kallo. Inna ba ta ce komai a kan 'ya'yan ba. Ban sani ba ko suna cikin lissafi.

Na tura wa Yaya su, na fita ko hannu ban wanke ba. Ban tuna yadda na isa asibiti ba, na dai tuna takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a hanya. A ƙofar ɗakin na tsaya, na kasa ɗaga labule. Ina jin kukan wata mata a ciki, na tsaya ina rarrabe muryar. Sai wata ma'aikaciya ta ture ni ta shiga da tire, labulen ya buɗe.

Tana zaune, jinjiri a ƙirjinta yana sha. Ta dube ni daga kai har ƙafa, taɓo har gwiwar hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Adda, ina abincin?"

Na zauna a ƙasa a wurin. Na ce Gwaggonki za ta kawo.

Ba a ranar ta warke ba. Ta daɗe a gadon nan, ta fi haka daɗewa tana shan magani, kuma likita ya ja kunnen mijinta a kan saurin wani cikin. Allah ne Ya tashe ta, magani ne sanadi, wannan shi na sani kuma shi nake faɗa. Maganar nono, ni da Yaya ba mu sake tayar da ita ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ta dai ci gaba da ce mini mai kiwon aljani, amma ba ta ƙara cewa in tumɓuke ba.

Ƙananan biyu Yaya ce ta dasa su kafin in dawo, a gindin randuna inda ruwan sanyi ke ɗiga. Daminar nan ba su yi fure ba, sai ta gaba. Yarinyar ta zo ganin gida da yaronta yana tafiya, ta tarar da furen a buɗe, ta sunkuya ta shaƙa, ta ce in ba ta guda ta dasa a Kiyawa. Na je na tsuguna a gindin randa. Sannan na tono mata ɗaya.

"Ta yaya ake kula da shi?"

"Inuwa da laima. Kada ruwan zafi ya taɓa shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Yaya tana kan tabarma tana tsince wake. Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai.

Nawa yana nan a gindin randa, ya yi 'ya'ya har sun cika wurin. Ruwa kawai yake sha. Amma duk ranar da na ga ganye ɗaya ya yi rawaya, ko da na san tsufa ne, sai in ƙulla dabino a leda in ce wa Malam zan leƙa Kiyawa in kai wa yara.